Ruwa Bai Zo Ba: Bambancin Hidima Da Manhaja, Daga Kanal Ɗin Kura Zuwa Ɗakin Kwamfuta

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da waɗanda dama karatu ya fi kwanta musu. Maganar yau ta masu kula da kwamfutoci ce a kamfanoni da ma'aikatu, amma kada wanda ba fanninsa ba ne ya gudu, don rabin hirar a gona za mu yi ta.

Tambayar ɗaya ce tak: mene ne bambancin hidima da manhaja? Da jin ta kamar tambayar 'yan firamare. To wallahi ita ce take kayar da manyan ma'aikatu. Na taɓa ganin kundin wani kamfani, ba sai na kira suna ba, an buɗe shafi an rubuta "hidimomin da muke bayarwa", a ƙarƙashinsa kuma sai ga Oracle, ga Windows, ga Excel, ga sunan wata manhajar albashi. Babu hidima ko ɗaya a ciki, duk kayan aiki ne. Kamar ka tambayi mai shayi me yake sayarwa, ya ce maka tukunya da risho da ludayi. Ranar da wani abu ya tsaya a irin wannan kamfani, injiniyoyi za su gaya maka wace na'ura ce ta mutu, amma babu mai iya gaya wa manaja su wa abin ya shafa, balle me ya kamata a fara tayarwa.

Bari in share wata ƙura tukuna. A ofis za ku ji ana cewa "bizines sabis" da "aflikeshan". Ni ba zan yi amfani da kalmar sabis ba, don a bakinmu ta riga ta yi wani gidan. In Bahaushe ya ce babu sabis, layin waya yake nufi. In ya ce ya kai mashin sabis, juyen baƙin mai yake nufi. Saboda haka hidima zan riƙa cewa, wato aikin da ake yi wa mutum ya biya masa buƙata. Manhaja kuwa kun san ta, ita ce abin da kake saukewa a waya ko ake ɗorawa a kan kwamfuta.

Yauwa, mu tafi gona.

Duk wanda ya taɓa bin titin Kano zuwa Zariya da rani ya san abin da zan faɗa. Da ka wuce Tamburawa ka doshi Kura da Kadawa, ko a watan Maris da ko'ina ya bushe ƙamas, sai ka ga fili kore shar, shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya shimfiɗu a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwansa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi.

Abin sha'awa, ba inji ne ke turo ruwan ba, gangara ce kawai. Ya fito daga Tiga ya shiga babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu zuwa reshen gabas da reshen yamma, daga nan ya shiga ƙananan kanal-kanal, wani a tara shi cikin dare a ƙananan tafkuna, da safe a buɗe masa ƙofa ya gangara zuwa magudanar da ke gefen gonaki, manomi ya sa bututu ya jawo shi cikin kunyoyinsa. Ku ƙirga abubuwan da ke tsakanin Tiga da wannan kunya: madatsa, kanal, ƙofofin ƙarfe, kwalbatoci, tafkuna, ma'aikacin da ke buɗe ƙofa, masu yashe yashi da sare ciyawar da ke toshe hanya.

To ga tambaya. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, me manomin da ke can ƙarshen layi a Bunkure zai ce? Ba zai ce ƙofa mai lamba kaza ta maƙale ba. Bai ma san da ita ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Cewa zai yi: ruwa bai zo ba.

Wannan jimlar ita ce sunan hidimar, an juya ta ne kawai. Hidimar ita ce ruwa ya iso gonarsa a ranar da aka yi masa alkawari, gwargwadon da zai ishi shukarsa. Saboda ita yake biyan kuɗin ruwa. Bai biya don ya mallaki ƙofa ba, bai biya don a nuna masa kanal mai kyaun siminti ba. Shi ya sa ma aikin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da bashin kimanin dala miliyan 495 don gyara manyan wuraren noman rani a Arewa, ciki har da wannan na Kano, bai tsaya kan gyaran kanal kaɗai ba. Ya ba da ƙarfi kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa karɓar kuɗi suna kula da ƙananan magudanai. Domin kanal zai iya zama sabo fil, amma in babu mai tsara wa za a ba ruwa yau wa za a ba gobe, na farkon layi zai sha ya ƙoshi, na ƙarshe ya zuba ido.

Ku lura da abu biyu a nan, don su ne ƙashin bayan maganar. Na farko, kayan aiki ɗaya yana iya ɗauke da hidima da yawa. Ruwan Tiga ba na manoman Kura kaɗai ba ne. Daga kogin da yake ciyarwa matatar Tamburawa take ɗiban ruwan shan birnin Kano, masunta suna cin abinci a tafkin, kuma mutanen Haɗejia da ke can ƙasa suna jiran abin da aka sako musu. Madatsa ɗaya, masu jira kala-kala, kowa da lokacin da abin ya fi yi masa zafi. Na biyu, hidima ɗaya tana iya zuwa ta hanya fiye da ɗaya. In an rufe kanal don gyara, mai hali sai ya haƙa rijiya ya kunna injin ban ruwa. Hanya ta canza, tsada ta ƙaru, amma buƙatar tana nan yadda take: ruwa a gona.

To haka abin yake a ɗakin kwamfuta, babu ragi babu ƙari.

Masu wannan fanni suna da wani tarin ƙa'idoji da ake kira ITIL. Wata hukumar gwamnatin Birtaniya ce ta fara tattara shi a ƙarshen shekarun 1980, bugunsa na huɗu kuma ya fito a 2019. Ma'anar da ya ba hidima, in na faɗe ta da bakina, ita ce ka sa mutum ya samu sakamakon da yake so ba tare da ka ɗora masa wahalar kayan aiki da haɗarinsu ba. Kun ga manominmu ke nan sak. Sannan akwai kundin da ake kira CMDB, inda ma'aikata take rubuta duk abin da ta mallaka na fasaha, saba-saba, wato manyan kwamfutocin da manhajoji ke zaune a kansu, da rumbunan bayanai, da na'urorin netwok, da manhajoji. Ba jerin kaya ba ne kawai irin na sito. Amfaninsa yana cikin alaƙa: wannan yana kan wancan, in wancan ya faɗi wannan ma ya faɗi. Kundin da ba shi da alaƙa bai fi takardar cefane ba.

Kamfanin ServiceNow na Amurka, wanda manyan bankuna da kamfanonin sadarwa da dama ke amfani da manhajarsa don wannan aiki, ya fitar da fasalin yadda ake jera kundin, ana kiransa CSDM. Wanda ke neman aiki a wannan layi zai ci karo da shi, don haka ku saurara da kyau. Abin da mu kan dunƙule mu kira "manhaja", shi ya raba shi gida-gida.

Akwai manhaja a matsayin kadara. Wannan layi ɗaya ne a kundi: sunanta, wa ya ƙera ta, nawa ake biyan lasisi, yaushe zai ƙare, wane sashe ne ya nemi a saye ta. Ita wannan ba ta lalacewa, don ba ta aiki, bayani ce kawai don masu kasafi da masu tsare-tsare. Kamar zanen samfurin ƙofar ruwa ne a takardar injiniya.

Sai manhaja a bakin aiki, wato kwafin da aka ɗora yake gudana a wani wuri takamaimai. Manhaja ɗaya tana iya samun irin wannan guda uku ko huɗu: wadda jama'a ke amfani da ita, wadda ake gwaji a kanta, wadda ke ofishin nan, wadda ke ofishin can. Wannan ita ce ainihin ƙofar ƙarfen da ke tsaye a kan reshen yamma, mai tsatsa, wadda za ta iya maƙalewa ranar Laraba. In za a rubuta takardar matsala, a kanta ake rubutawa, ba a kan zanen ba. Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, don suna ɗaya ne, abu biyu ne.

Sai hidimar fasaha, wadda sashen kwamfuta ke yi wa 'yan uwansa ma'aikata: ajiye bayanai, kwafe su kullum don gudun ɓata, kula da netwok. Masu yashe kanal ke nan. Manomi bai taɓa zuwa ya ce a sayar masa da yasa ba, amma ba don su ba da bai ga ruwa ba.

A can sama kuma sai hidimar kasuwanci. Kada kalmar kasuwanci ta ruɗe ku, ba saye da sayarwa kaɗai ake nufi ba. Asibiti yana da ita, makaranta tana da ita, hukumar gwamnati tana da ita. Ita ce abin da mutumin waje ko ma'aikacin da ba ɗan kwamfuta ba yake nema da sunansa: biyan albashi, ganin sakamakon jarrabawa, karɓar magani, tura kuɗi. Ita ma ana yanka ta gida-gida gwargwadon alkawari: wa za a yi wa, a wane lokaci, da wane sauri. Ruwan mai shinkafa da ruwan mai albasa duk ruwa ne, amma alkawarin ba ɗaya ba ne.

Bari mu sauko da shi ƙasa. Mu ƙaddara, misali ne kawai nake bayarwa, wata ƙungiyar manoma a Bunkure ta ɗauki ɗayanku aiki. Suna da manhajar rajista a wayoyin wakilansu, suna da kamfanin da ke tura musu saƙon tes, suna da hanyar karɓar kuɗi ta banki, suna da saba guda da suke haya. Kai da ka fito daga makaranta da zafinka, abu huɗu za ka rubuta ka ce ga abin da nake kula da shi. Amma je ka tambayi shugaban ƙungiya me suke yi wa mambobinsu. Zai ce maka: muna karɓar kuɗin ruwa, muna sanar da kowa ranar da ruwa zai zo layinsa, muna ba da taki da iri bashi zuwa kaka. Uku ke nan, kuma babu sunan manhaja ko ɗaya a bakinsa. Waɗannan ukun su ne hidimomi. Aikinka shi ne ka ja zare daga kowace ɗaya zuwa abubuwan da ke ɗauke da ita. Da ka ja za ka ga manhajar rajista tana ƙarƙashin duka ukun, saƙon tes yana ƙarƙashin biyu, hanyar banki ita ma biyu.

To yanzu a ce ranar Laraba da magariba kamfanin saƙo ya tsaya. In kundinka na kayan aiki ne zalla, abin da za ka gani shi ne wata 'yar ƙaramar manhaja mai arha ta samu matsala, sai ka ce a bar ta zuwa safe. In kuwa kundin hidima ne, abin da zai fito maka shi ne: sanar da ranar ruwa ta tsaya, kuma gobe da asuba za a buɗe wa layi kaza. Wanda bai ji ba, ruwa zai zo ya wuce shi, sai wani zagayen, ga dashen tumatir ɗan kwana uku a ƙasa. Kun ga yanzu maganar ba ta gyaran manhaja ba ce ma. Ko kamfanin bai tashi ba, sai ka ɗau waya ka kira shugabannin layi, a faɗa a masallaci bayan isha'i, a tura yaro a kan mashin. Hidima ta tashi, manhaja tana kwance. Wannan dabarar ba za ta taɓa faɗo wa wanda ya ɗauka manhajar ita ce hidimar ba, shi yana can yana ta danna kwamfuta har gari ya waye.

Akwai kuma wata yaudara da lissafi ke yi. Za ka ji injiniya yana alfahari, manhajarmu ta yi aiki kashi 99 cikin ɗari a wannan wata. Da daɗin ji. Amma wata mai kwana 30 awa 720 ne, kashi ɗaya cikin ɗari kuwa awa 7 ne da 'yan mintuna. In waɗannan awoyi bakwai sun faɗo tsakar dare, babu wanda ya sani. In kuwa sun faɗo da safiyar da motoci suka yi layi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, dillali yana son ya biya, manomi yana son ya ga alat kafin a ɗora kwanduna, to ranar an yi asara, kuma allon injiniya zai ci gaba da nuna kore. Manhaja ana auna ta da awa nawa ta yi a kunne. Hidima kuwa ana auna ta da mutum nawa suka samu biyan buƙata a lokacin da suke buƙatar.

Mun ma ga wannan da idonmu. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a watan Fabrairu, daidai lokacin da tumatir ya cika kasuwa. Kowa ya koma taransfa, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, a cire maka kuɗi can kuma ba su shiga ba. Me mutane suka yi? Ba su zauna makokin manhaja ba, da yawa sai suka koma OPay da Moniepoint da PalmPay. Tumatir ba ya jira. Mai saye da mai sayarwa ba su da amana da sunan da ke jikin manhaja, amanarsu tana ga kuɗi su tashi daga hannun wannan su isa hannun wancan.

Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, hidimomin wasu bankunan Najeriya suka tsaya cak. A ranar ba lallai ne a ce manhajar banki ta lalace ba. Tana nan lafiyarta ƙalau, abin da take tsaye a kansa ne ya zame. Mai POS a Kura bai taɓa ganin teku ba wataƙila, amma cinikinsa na ranar yana rataye da wata waya da ke ƙasan teku. Irin wannan zaren, daga mai POS har zuwa teku, shi ne abin da kundi mai kyau yake nuna maka tun kafin ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Misalin da ya fi kusa da manoma shi ne shirin tallafin taki na GES, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012 lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Noma. An yi wa manoma rajista, ana turo musu saƙo a waya ta tsarin da kamfanin Cellulant ya gina, manomi ya je wurin dillalin da aka ware ya karɓi buhu biyu na taki a kan rabin kuɗi. Dabara ce mai kyau, kuma ta rage hannayen da ke shiga tsakani. Amma ku duba da idon abin da muke tattaunawa. Tura saƙo aikin manhaja ne. Hidimar ita ce taki ya shiga hannun manomi kafin lokacin zuba shi ya wuce. A tsakanin waɗannan biyun akwai ƙauyen da babu sabis, akwai manomin da ba shi da waya ko bai iya karanta saƙon ba, akwai motar da ba ta kawo kaya da wuri ba. Wanda ke ƙirga saƙonnin da suka fita da wanda ke ƙirga buhunan da suka isa gona a kan kari, ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, ko da a ofis ɗaya suke zaune.

Yanzu wani zai ce, to malam, ai mu kanmu da sunan manhaja muke kiran hidimar. Gaskiya ne. Muna cewa "na yi Remita", "je ka yi min POS". Suna ya rinjayi aiki, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Ni shawarata kada ka yi faɗa da bakin mutane. Bar su su kira shi yadda suka saba, kai kuma a kundinka ka rubuta hidimar da sunan aikinta, biyan kuɗin hukuma, sannan ka ajiye sunan da jama'a suka sani a gefe a matsayin laƙabi, don mai karɓar ƙorafi ya gane da wuri. Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in gobe aka sauya wannan manhaja da wata, sunan da na rubuta zai ci gaba da ma'ana? In zai ci gaba, hidima na rubuta. In sai na goge shi, to kayan aiki na rubuta.

Wani wurin da ke da santsi shi ne, hidimar wani kayan aikin wani ce. Kamfanin NIBSS da ke haɗa bankunan Najeriya don taransfa ta isa nan take, a wurinsa wannan haɗawar ita ce hidimar da yake sayarwa, bankuna ne abokan cinikinsa. A wurin banki kuwa abin dogaro ne da ke ƙarƙashin hidimar tura kuɗi. Haka sakin ruwa daga Tiga: a wurin hukuma hidima ce da take yi wa ƙungiyoyin manoma, a wurin ƙungiya kuwa shi ne abin da rabonta ya dogara a kai. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Sai dai kafin ka fara rubutu, ka san a kujerar wa kake zaune, kuma wa ke tsaye a gabanka yana jira.

Sannan kowace hidima sai da mai ita, mutum ɗaya mai suna, kuma yawanci ba ɗan kwamfuta ba ne. Mai hidimar biyan albashi yana sashen kuɗi. Mai hidimar sanar da ranar ruwa shi ne sakataren ƙungiya. Ɗan kwamfuta manhaja yake riƙe da ita. Amfanin wannan rabon yana fitowa ranar da za a taɓa wani abu. Masu kanal ba sa rufe ruwa don gyara lokacin da shinkafa ke fitar da kai, suna duba kalandar manomi su nemi tsakanin girbi da sabon shuka. Amma sau nawa kuka ga an tashi sabunta manhaja ranar 28 ga wata, ana jibi albashi? Injiniyan ba mugu ba ne. Kundinsa ne bai gaya masa wa zai tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a rubuta sunan mai ɗakin.

Gargaɗi ɗaya kafin mu tashi, don na san halin matasanmu in suka kama sabon abu. Kada ka je ka rubuta hidima ɗari biyu. Na fi yarda da kundi mai hidima shida da ake sabuntawa, a kan mai ɗari biyu da aka cika sau ɗaya aka manta. Kundin da ya tsufa ya fi babu haɗari, don za ka yarda da shi ranar da wuta ta kama, ya nuna maka hanyar da aka daɗe da toshewa. Kuma ba sai kana da kuɗin ServiceNow ba, wannan na manyan kamfanoni ne. Akwai GLPI da iTop, duka daga Faransa suka fito, kuma akwai nau'insu na kyauta da za ka ɗora ka koya. Kai ko Excel ma ya isa farawa. Shafi ɗaya na hidimomi: suna, mai ita, su wa ake yi wa, wane lokaci ne tsayawarta ta fi ciwo, da me za a yi in fasaha ta ƙi. Shafi na biyu na manhajojin da ke bakin aiki, kowane kwafi da layinsa. Shafi na uku, wanda shi ne mai wuyar kuma shi ne mai amfanin, na alaƙa: wace hidima ce ke kan wace manhaja, wace manhaja ce ke kan wace saba, wace saba ce ke kan wane layin intanet da wane janareta. E, har janareta da mai sayo masa dizal, a ƙasar nan su ma suna cikin zaren.

Shafin farko kuma ba a zaune a ofis ake cika shi ba. Tashi za ka yi ka je wurin masu karɓar ƙorafi, ko ka zauna kusa da akawun ƙungiya ranar da mambobi ke zuwa, ka riƙa rubuta kalmomin da mutane ke shigowa da su. Albashi bai shiga ba. Ban ga sunana ba. An cire min kuɗi ba a ba ni rasit ba. Ka yi mako guda kana tarawa, sannan ka ware su kashi-kashi, sai ka ga sunayen hidimominka sun fito da kansu.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki ɗaya daga cikin hidimomin ƙungiyar nan ta misali, mu rubuta mata alkawari a takarda: awa nawa za a jure tsayawarta da rani, awa nawa da damina, da wanda za a tasa daga barci in ta tsaya.